Farashin Kwando a Mile 12, a Gonar Gida Ake Yanke Shi



Duk wanda ya saba sammako a Mile 12 ya san akwai tambayar da ake yi tun ba a gama gaisawa ba: mota nawa ta shigo? Daga amsar nan ake gane yadda ranar za ta kasance. In motoci sun yi yawa kwando ya faɗi, dillali ya yi ta rarrashin mai saye. In sun yi ƙaranci, kafin hantsi matan da ke sari sun fara ɗaga murya, mu kuma mu sha zagi da yaren da yawancinmu mun riga mun iya. Abin da ba mu cika zama mu faɗa wa junanmu ba shi ne, yawan motar da za ta shigo yau an riga an yanke shi tun wata uku ko huɗu baya, a Kura da Garun Malam, a Danja, a Aliero, a fadamun Haɗeja, wuraren da tsakaninmu da su ya kusa kilomita dubu ko ya wuce. A Kudu muke cin abinci, amma tukunyarmu tana kan murhu a Arewa. Wannan rubutu kuwa a kan murhun yake, domin wutarsa tana ja da baya, kuma mu da muke da ɗan abin hannu muna kallo.

Mu tuna abin da idonmu ya gani, ba wanda aka ba mu labari ba. A 2016 tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta afka wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Wanda bai san noma ba zai yi dariya, mu da muka ga kasuwa fayau ba mu yi ba. Ƙwaron asalinsa daga Kudancin Amurka yake. Yana yin ƙwai a kan ganye, tsutsar ta huda ta shige cikin ganyen ta zauna, shi ya sa feshi ba ya cika riskarta, kuma zafi shi ke hanzarta haihuwarta. Ta sake dawowa a 2023, ta kuma dawowa a 2024. A 2022 kuma ruwa ne ya yi mana aika-aika. Sama da mutum 600 suka rasu a faɗin ƙasa, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, kuma hanyar Lokoja ta nutse a wajen Koton Ƙarfe. Akwai waɗanda suke karanta wannan rubutu da motarsu ta kwana da kwanaki a layin nan, kaya ya ruɓe a cikinta, direba ya buɗe baya aka zubar a gefen titi, jarin shekaru ya tafi a mako ɗaya. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta cika da ruwa. A ƙarshen Mayu na 2025 Mokwa ce, garin da duk motar da ta biyo ta Jebba sai ta ratsa shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Waɗannan su ne masu ƙara, waɗanda rediyo ke ɗauka. Akwai kuma wanda ke cin mu a hankali, ba ya shiga labarai, sai dai a waya in an kira gida bayan isha. An yi ruwan shuka, kowa ya fita da sungumi, iri ya tsiro, sai sama ta ɗauke har mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone. A sake shuka. Wani lokaci a sake ta uku, da irin da aka ranto. Sannan a watan Agusta ruwan da ya kamata ya sauka cikin wata guda ya zubo a dare biyu, ya kwashe takin da aka sayo da kuɗin akuya, ya bar kwazazzabo a tsakiyar gona. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yunwa, amma abin da suke faɗa yanzu shi ne damina ta daina riƙe alƙawari. Masana yanayi ma abin da suke gani ke nan a yankin Sahel: ruwan ya dawo bayan shekarun fari, sai dai ya dawo da wani hali, yana zuwa da ƙarfi a lokaci guda, ya kuma yi dogon hutu a tsakani. A ɓangaren noman rani kuma, tumatir da alkama 'ya'yan sanyi ne. In hunturu ya gajarta, zafi ya shigo da wuri, furen tumatir zubewa yake yi bai ƙulla ɗa ba. Manomi ya yi ban-ruwa, ya sa taki, ganye shar, amma babu abin tsinka.

To ina mutanen suke zuwa? Wurinmu suke zuwa. Ku dubi saman motar albasa ko ta shanu in ta tsaya, ku ƙirga yaran da ke dirowa da 'yar leda a hannu. Da can cin rani ake kira, kuma sunan ya dace: a gama girbi, a taho, a yi dako ko ga-ruwa ko shushaina, da an ga hadari ya fara haɗuwa a gabas a tattara a koma. Yau rani ya ƙi ƙarewa. Yaro ya zo da niyyar wata huɗu, ga shi shekara huɗu yana kwana a rumfar wani. Da aka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomin Legas a watan Yuni na 2022, mun ga yadda aka riƙa kwashe babura ana niƙewa, muka yi ta cewa yara su koma gida. Su koma su tarar da me? Wasu gonar ta gaji, wasu kuma, a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja, gonar tana nan amma sai an biya 'yan bindiga kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Wannan masifa ta rashin tsaro ta fi ƙarfin kowace ƙungiya irin tamu, ba za mu yi ƙaryar muna da maganinta ba. Amma ba ita kaɗai ke koro mutane ba, kuma ƙauyuka da dama da ke zaune lafiya su ma suna zubar da samarinsu.

Gwamnati tana da nata kason, kuma ba ƙarami ba ne. Tun 2003 shugabannin Afirka suka amince a Maputo cewa kowace ƙasa ta ware kashi 10 cikin 100 na kasafinta ga noma, aka sake jaddadawa a Malabo a 2014, gwamnatin tarayya ba ta kai can ba. A watan Yuli na 2023 aka ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci, amma a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Cire tallafin mai ya bugi noma ta fuska biyu: injin ban-ruwa fetur yake sha, kuma litar da ba ta kai naira 200 ba a farkon 2023 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Daga baya aka ɗage haraji aka shigo da hatsi daga waje, farashin masara da shinkafa ya sauka, mu mazauna birni muka yi hamdala. Manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da amfani da araha shi bai yi ba, kuma in ya rage gonarsa bana, mu ne za mu ji a jikinmu baɗi. Madatsar Tiga tun 1974 take, ita ke shayar da Kadawa da kewaye, kuma har yau a ƙasan kogin, wajen Haɗeja da Nguru, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya yi ambaliya wani ya bushe. Duk wannan haƙƙinmu ne mu faɗa, kuma mu tuna da shi ranar zaɓe.

Sai dai in mun gama da gwamnati, mu juyo mu dubi kanmu, domin a nan ne maganar take da ɗaci.

Mu fara da kwando. Kowa a cikinmu ya san abin da ke faruwa in aka jera kwanduna bisa juna a cikin tirela daga Kwanar Gafan zuwa nan. Na ƙasa ya sha nauyi, tsinken kwando ya huda na gefe, ruwa na tsiyaya tun daga Zariya. Kafin a iso, wani kaso ya zama abin da Yarabawa ke kira esha, a sayar da shi a wulaƙance. Masana suna ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a ƙasar nan ba ya kaiwa tukunya. Wato ruwan da aka ja da fetur mai tsada, takin da aka zuba, gumin da aka yi, kusan rabi a bola yake ƙarewa. Kiret ɗin roba mai ɗaukar kilo 25 ya daɗe da shigowa, kuma waɗanda suka gwada sun ga bambanci, domin nauyin yana sauka a kan kiret ne ba a kan tumatir ba. Me ya hana shi mamaye kasuwa? Akwai dalilai na gaskiya: yana da tsada, ana sace shi, kuma sai an biya kuɗin mayar da shi Arewa fanko. Akwai kuma dalilin da ba ma so a faɗa. Kwando ba shi da awo. A cikin rashin awon nan wasunmu ke samun nasu, ana saye a gona da tulin kwando, a zo nan a rage. Kiret ba ya ɓoye komai. Manomi ɗaya ba zai iya sayen kiret ɗari biyar ya bi sawunsu har Ikko ba. Ƙungiya ce ke iya wannan, ta saya, ta buga tambarinta, ta bayar haya, ta shirya motar da za ta mayar. Masu saƙar kwando kuma a zauna da su tun da wuri, domin su ma abincinsu ne.

Sai gawayi da itace. Ba za mu ambaci kowa ba, amma an san akwai kuɗin mutanenmu a cikin wannan fatauci. Bishiyar da ta shekara hamsin tana tare iska tana riƙe ƙasa, a sare ta da safe ɗaya, ta zama buhuna. Sannan mu zauna a majalisa muna cewa hamada na matsowa, kamar da ƙafarta take tahowa.

Sai kuma kaka. Manomi ya ci bashi tun bazara, ga biki, ga kuɗin asibiti, dole ya fitar da hatsi a lokacin da farashi ya fi kowane lokaci faɗuwa. Mu saya mu tara. A watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbunsa ya ƙare kuma aikin gona ya fi tsanani, ya dawo ya sayi geron da shi ya noma a ninki. Ciniki halal ne, ba mu ce haramun ba ne, malamai suna nan su yi bayanin inda iyakar ɓoye abinci take. Amma mutumin da ke sayar da arha ya sayi tsada kowace shekara ba zai taɓa tara abin da zai haƙa rijiya ko ya sayi ingantaccen iri ba. Haka maganar wake. Saboda tsoron ƙwari ake zuba masa maganin da ba na abinci ba, har Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu tun 2015. Alhali akwai buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda in an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwaron ya mutu da kansa ba tare da ɗigon magani ba. A kasuwanninmu na Arewa ake sayar da shi. Wanda ke cin waken nan fa 'ya'yanmu ne da 'ya'yan maƙwabtanmu.

Kada wani ya ce talaka ba ya iya komai a kan yanayi. Ku tsallaka Jibiya ko Maigatari ku shiga ƙasar Maraɗi da Damagaram. Ruwansu bai kai namu ba, ƙasarsu ta fi tamu yashi. Bayan farin shekarun 1980 manoma a can suka canza yadda suke sassabe. Maimakon a tumɓuke duk kututturen da ya toho a gona, sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare shi daga dabba da gatari. Saiwar tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, saboda haka ba ta buƙatar ban-ruwa kamar dashe. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Gawo shi ne sarkin wannan aiki, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi abinci. Kakanninmu sun san darajar gawo tun kafin wani masani ya rubuta. Mu ne muka manta. Wannan aiki bai buƙatar kwangila, wuƙa ce da haƙuri da yarjejeniyar gari cewa ba a sara.

Haka iri. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar binciken noma da ta fitar da irin masara da dawa da wake masu nuna da wuri, a Maiduguri akwai cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke aiki a kan gero da alkama, nan kusa da mu a Badun ga IITA, wasunmu kullum suna wucewa ta ƙofarta. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, tana faɗin lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa a kowane yanki. Hasashe ne, gaibu na Allah ne, amma wanda ya ɗaure raƙuminsa bai fita daga tawakkali ba. Kusan kowa a cikinmu na da babbar waya. Sau nawa muka tura wa na gida wannan bayani, idan aka kwatanta da bidiyon siyasa da muke turawa dare da rana?

Yanzu ga abin da muke nema. Kuɗi suna ratsa hannunmu. A kan kowace mota da ta sauke kaya ana karɓar na ƙungiya. Muna tarawa in an yi rasuwa, muna tarawa in an kama wani, muna tarawa a yi walima in an naɗa sarauta, kuma ba mu raina ko ɗaya ba. Kowannenmu kuma yana aika kuɗi gida, sai dai mafi yawansu a baki suke ƙarewa, ko a bulo. Mun gina gidaje masu tayil a ƙauyukan da rijiyarsu ke ƙafewa tun watan Maris. Muna ba da shawara a yanke wani kaso sananne daga kuɗin mota, a buɗe masa asusu na daban, a ce wannan na gona ne. A fara da abu biyu kacal kada a ɗauki abin da ya fi ƙarfi. Na ɗaya kiret na haya. Na biyu injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, a ba wa manoman da muke sayen kaya a hannunsu bashi marar ruwa, su biya da amfani a hankali. Wanda ya huta da sayen fetur, ribarsa ta dawo, kuma zai iya ceto shukarsa in damina ta yi hutu. In wannan ya zauna, sai a shiga maganar rumbun gari, inda za a sayi hatsi da kaka a kan farashin mutunci, a ajiye a garin, a sayar wa mutanen garin da damina da ɗan abin da zai riƙe asusun.

Mun san abin da za a ce. Za a ce kuɗin za a cinye. Wannan tsoro yana da tushe, domin duk mun taɓa ganin asusun da ya shiga aljihu aka ce a yi haƙuri. Maganinsa a rubuta komai, mutum uku su sa hannu kafin a fitar da ko sisi, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata, a liƙa shi a wannan shafi. Wanda ba ya son a karanta lissafi, ya faɗa mana dalilinsa. Za a kuma ce mu ba 'yan gari ɗaya ba ne, na Kano zai ja wajensa, na Sakkwato zai ja nasa. Gaskiya ne. Shi ya sa muka ce a bi kaya, kada a bi asali: garin da motarsa ke sauka a wurinmu, shi ke da haƙƙi, a yi ƙuri'a a kan wanda za a fara da shi. Wasu kuma za su ce injin sola in ya yawaita zai zuƙe ruwan ƙasa. Wannan ma magana ce, kuma dalili ne na a fara a fadamun da ruwa ke kusa, a nemi shawarar malaman gona kafin a haƙa.

Akwai kuma abin da ya shafi zamanmu a nan. Ba mu manta da Shasha ba, a watan Fabrairu na 2021, da yadda bayan rikicin aka tare motocin abinci na 'yan kwanaki, kaya ya yi tsada a Kudu ya kuma ruɓe a Arewa. Kowa ya ji jiki, kuma masu masaukinmu sun ɗauki darasi. Legas ta buɗe katafaren injin casar shinkafa a Imota a 2023, jihohin Yarabawa suna ta maganar noma abincinsu da kansu, matasansu suna noman tumatir da tattasai a cikin rumfunan leda. Ba laifi suka yi ba, kowa gidansa yake gyarawa. Amma matar da ta zo sayen tumatir ta tarar ya ninka uku ba ta san sharon ba, ba ta san an yi fari a Jigawa ba. Fuskar da take gani ita ce tamu. Duk shekarar da kaya ya yanke, mutuncinmu da zaman lafiyarmu a kasuwa suna raguwa tare da shi, kuma duk shekarar da muka kasa kawowa, wani yana koyon yadda zai yi ba tare da mu ba.

Muna roƙon shugabanni su sa wannan magana a ajandar zama mai zuwa, kafin a shiga hidimar sabon kaya. Masu motoci da dillalai da 'yan dako duk a gayyace su, domin kowa akwai inda abin zai taɓa shi. Wanda yake da ɗan uwa da ke aiki da injin sola a gida, ya tambayo mana nawa ya saya, eka nawa yake shayarwa, da matsalar da yake ba shi. Wanda ya taɓa lodi da kiret ya zo da lissafinsa, na riba da na asara, a ajiye kusa da na kwando a gani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare matafiyanmu a hanya.